Ranar da Baba ya shuka tsakuwa

Jiya da la'asar aka yi ruwan farko a nan Dakoro, in dai ruwa za a kira shi. Ya bugi kwanon ɗakina kamar da gaske, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa tsoho ya manta da ciwon gwiwa, amma kafin in gama shigo da tabarma ya ɗauke. Da safe na ga samari suna wucewa bisa moto mai ƙafa biyu, sungumi ɗaure a baya. Na zagaya bayan gida na durƙusa na tona da hannu. Damshi ya tsaya mini a wuyan hannu, ƙarƙashinsa busasshen rairayi ne mai ɗumi. Na kakkaɓe hannuna na dawo na zauna. A gidanmu mun bar faɗa wa mutane su shuka ko kada su shuka tun shekarar da na zo da kamera, kuma ni ne sanadi.

Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba. Ina cikin 'yan lakkol, wato makarantar boko, na farko da suka fita daga wannan gari, aka kai ni Maraɗi, daga can sai Yamai. A Yamai aka buɗe wani ɗan aji na koyon sinima, mu biyar, da malami Bature guda wanda muke ce wa Mushe kawai. Kada ka ji an ce makarantar sinima ka ɗauka wani abin kirki ne. Ɗaki ɗaya ne da baƙin labule, da tebur na yankan fim, da kamera ƙwaya ɗaya da muke karɓa-karɓa kamar jakin aro. Ba ta ɗaukar murya. Wani ake yi mata da hannu irin na agogo, ta yi gudu ɗan abin da bai wuce a karanta Fatiha sau biyu ba, ta tsaya, a sake yi mata wani. Fim ɗin kuwa cikin 'yan gwangwanaye yake zuwa, bobin muke ce musu, kowane bai cika minti uku ba. Abin da ka ɗauka ba ka ganinsa sai an aika Faransa an wanke, ya dawo bayan watanni. Yaran yanzu da ke ɗaukar akuya da waya su goge su sake, in na ba su wannan labari dariya suke yi.

Ƙarshen shekara Mushe ya ba kowa bobin huɗu, da kamera ta sati uku, ya ce kowa ya je ya yo fim nasa na kansa. Wanda ya dawo hannu rabbana za a sallame shi a ba wani gurbinsa. Abokaina masu hankali suka zaɓi abin da ke nan kullum, wani dambe, wani masunta a bakin kogi. Ni uban 'yan iyawa na ce shuka zan ɗauka, a garinmu, kuma ubana ne zai fito. Na cika wa Mushe baki da labarin Baba har ya sa ni na ƙarshe a layi, don kamera ta iske ni daidai faɗuwar damina. Ban tuna ba cewa damina ba ta san layin Mushe ba.

Abin da na faɗa masa game da Baba gaskiya ne. Sunansa Arzika. Ba shi da sarauta, ba malami ba ne, amma a unguwarmu ba mai zuba iri a ƙasa sai ya ga Arzika ya fita. Haka aka yi da ubansa ma. In an yi ruwa, da sassafe zai je gona hannu sake, ya tona rami da hannu har ya iske busasshiyar ƙasa. In damshi ya kai masa gwiwar hannu, sai ya dawo gida ya saɓa sungumi a kafaɗa ya fita. Ba ya shela, ba ya aika kowa. Ganin sungumin nan a kafaɗarsa shi ne shelar. In kuwa ya dawo ya zauna a zaure, kowa sai ya zauna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Irin da aka binne a busasshiyar ƙasa yana iya jiran ruwa har wata guda bai lalace ba. Wanda ya faɗa cikin ɗan damshi shi ne abin tsoro, don zai tsiro, saiwarsa ta gangara ta iske rairayi mai zafi, in sama ba ta ƙara ba ya mutu, an yi asarar iri ke nan.

Na iso cikin tsakiyar bazara bisa kamyon 'yan kasuwa, babbar motar kaya, akwatin kamera a cinyata tun daga Maraɗi. Gidan da na iske ba shi na bari ba. Daminar bara ba ta yi ba. Rumbunmu in ka leƙa ƙasansa kake gani. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da marece, da rana kuwa fura ce wadda ruwa ya fi gari yawa, kana sha kana ganin gindin ƙwarya. Inna ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Abin da ya rage mai daraja a gidan dami biyu ne na hatsi, zaɓaɓɓun zangarnu, Baba ya naɗe su da tsohon buhu ya rataye a ɗakinsa. Iri ne, ko Inna ba ta taɓa shi. Mu ke nan masu dama-dama. Maƙwabta da yawa yunwa ta sa sun cinye rabin irinsu, wani tiya uku ta rage masa, wani biyu. Kowa ya san shukar bana sau ɗaya ce, ba ta da gyara.

Zafin shekarar ba na manta shi. Tun hantsi rairayi ke ƙuna, jakai su tsaya a inuwar katanga su ƙi motsi ko an doke su. Iska in ta taso ba sauƙi take kawowa ba, wani zafin take ƙarawa. Ni kuwa ba kaina nake ji ba, gwangwanaye nake ji. Mushe ya gargaɗe mu cewa zafi yana kashe fim tun yana cikin gwangwani. Na faɗa wa Inna, ta dube ni ta dubi abin, ba ta tambaye ni amfaninsa ba. Ta tona rairayin gindin randa ta binne su, safe da la'asar tana yayyafa musu ludayi guda na ruwa. Ruwan nan daga rijiya mai gaba talatin take samo shi, bayan ta yi jiran makiyaya sun gama shayar da dabbobi tun asuba. Ina kallo tana zuba wa gwangwanina abin da ita ba ta sha ba, kuma ban hana ta ba.

Sati na farko na ci bobin biyu. Na ɗauki rijiya da raƙumi yana jan guga, na ɗauki Baba yana sassabe yana tara ƙaya yana ƙonawa, na ɗauke shi tsaye yana duban gabas. Ya yi mini haƙuri ƙwarai, in na ce ya sake sai ya sake, sai dai ya ce bai taɓa ganin aikin da ake yi sau biyu ba tun na farkon bai ɓaci ba. Na uku kuwa wauta ta cinye shi. Wata la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, mata suka fara kwashe shanya, na fito a guje na ɗora kamera ina ta ɗauka ina cewa yau dai Allah ya yi. Iska ce da jan ƙasa. Ta tumɓuke dannin maƙwabta, ta cika mana tukunya da rairayi, ta wuce ba ɗigo ɗaya. Saura bobin guda, kuma fim ɗin shuka ba shuka a cikinsa.

Daga nan na shiga wani hali. Abinci ba ya wuce mini, ko da yake ba wani abincin kirki ba ne. Kullum ina tsakar gida kaina sama. Ba manomin da ya roƙi Allah ruwa a shekarar kamar yadda na roƙa, kuma kunya nake ji in faɗa, ba don hatsi nake roƙon ba. Gani nake an sallame ni, na dawo Dakoro da wando irin na Nasara da hannu mai taushi, ban iya noma ba ban iya sinima ba, ana nuna ni ana cewa ga wanda aka kai Yamai. Kamyon da zai mai da kamera ranar kasuwa zai tashi, kuma wani ɗalibin ba ya jira, Mushe ne da kansa ke jira.

Saura kwana uku aka yi ruwa, irin na jiya sak. Da safe na bi Baba gona. Ya durƙusa ya tona, ya zura hannu, ya zaro ya nuna mini. Jiƙaƙƙen rairayi ya manne masa daga yatsu zuwa wuyan hannu, daga nan sama fari fat. Ya ce wannan na wanke ido ne, ba na shuka ba. Ya dawo ya zauna a zaure, mutanen da suka leƙo suka gan shi zaune, kowa ya koma gidansa.

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsare ubana da magana. Na ce masa ba shuka ta gaske nake so ba, kwaikwayo ne, ya ɗaga sungumi ya sara, Inna ta bi shi da ƙwarya, a zuba tsakuwa maimakon iri, ba ƙwayar hatsi ɗaya da za ta taɓa ƙasa. Ya ce a'a. Na kawo masa maganar Mushe, na kawo ta sallama, na ce shekarun da na yi a lakkol duk za su tafi a banza saboda minti uku. Ya ce sungumi ba abin wasa ba ne a hannunsa, a hannun wani dai ko. Na yi fushi na ce ashe ya fi son a ce Arzika bai taɓa kuskure ba da a ce ɗansa ya zama wani abu. Ƙarya ce kuma na san ƙarya ce, amma na faɗa. Har hawaye na yi, ƙato da ni. Inna ce ta sa baki daga bakin murhu, ta ce yaron nan zai kashe kansa, a je can kwarin bayan tudu inda ba mai gani, a yi masa abinsa a huta.

"Isuhu," Baba ya ce, "in anka gan ni fa?"

Na rantse masa ba mai ganinsa.

Washegari da hantsi muka fita ta bayan gida ɗaya bayan ɗaya. Sungumin na naɗe shi cikin tabarma tare da ƙafafun kamera na ɗora a kai. Inna ta tsinci tsakuwa ƙanana ta cika ƙwaryar iri. Gonarmu ta gabas rabinta kwari ne, rabinta ta hau wani dogon tudun rairayi wanda ake hangowa daga hanyar rijiya. A kwarin muka tsaya kamar yadda aka yi alkawari. Na kafa kamera na sa ido, sai raina ya ɓaci. Rigar Baba launin ƙasa ce, bayansa rairayi, gabansa rairayi, mutum ya ɓace cikin tudu. Sai na ji muryar Mushe a kunnena, abin da yake nanata mana kullum: in kana son mutum ya yi girma a hoto, ka sa sama a bayansa. Na ce Baba ya ɗan hau. Ya hau kaɗan. Na ce ya ƙara. Ya tsaya ya dubi hanyar rijiya, ba kowa, ya dube ni, ya haye har ƙoli.

Kai, abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ga shi tsaye baƙi a jikin farar sama, sungumi na tashi yana sauka, taki ɗaya sara ɗaya, Inna a bayansa tana jefawa tana rufewa da diddige. Kamera ta tsaya, na yi mata wani na ce a sake. Ta kuma tsayawa, na ce a sake. Sau biyar na mai da su bakin layi har bobin ya ƙare. Mai ɗaukar hoto ido ɗaya yake sa wa a rami ya rufe ɗayan, don haka ban ga komai ba a duniya sai ubana da sama. Da na ɗago ina murna har na rungume kamera.

Ba mu koma nan da nan ba. Muka zagaya ta nesa don kada a gan mu tare, muka zauna gindin wata aduwa Inna na tsinkar ganye na miya. Sai wajen azahar muka shigo unguwa, muka iske ta shiru, ba dakan mata, ba kowa a inuwa. Wani tsoho makaho da ke zama a ƙofar masallaci ya ji takun Baba ya ce, a'a, Arzika, har ka gama taka? Ai duk sun tahi, an ce an gan ka bisa tudu kana sara.

Ban taɓa ganin ubana yana gudu ba sai ranar. Ya yar da takalmansa ya nufi gonaki, ina biye da shi. Gona gona yake shiga yana ɗaga hannu yana cewa a tsaya, a tsaya, ba shuka yake ba. Waɗanda ke nesa da suka fito a makare ya same su da sauran iri a ƙwarya. Amma mai tiya biyu yaushe zai daɗe? Gida bakwai sun riga sun zube nasu kaf. Ta ƙarshe da muka iske ita ce Inna Tabawa, maƙwabciyarmu ta jikin danni, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku. Tana tsaye a ƙarshen gonarta ta kife ƙwarya a kai, fuskarta duk murna, ta ce yau ta riga kowa.

Baba ya tsaya yana haki ya faɗa mata. Ba ta gane ba sai da ya maimaita.

"Arzika, da idona na gan ka. Ina tahowa daga rijiya, na aje tulu na sheƙa."

"Tsakuwa ce, Tabawa. Hoto yaron ga ke ɗauka."

"Tsakuwa," ta ce. "Kai da girmanka?"

Ta sauke ƙwaryar ta zauna a kan rairayi mai zafin nan tana kallon layukan da ta rufe da diddigenta. Ni ko kallona ba ta yi ba, ba wanda ya kalle ni a cikinsu duka. Wa zai tsaya tuhumar ɗan lakkol? An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ranar ni na ja, Baba ya sha dukan.

Ranar kasuwa na ba direban kamyo akwatin kamera da gwangwanaye da takarda zuwa ga Mushe. Na so in bi shi, na ce ai akwai aikin da ke jirana a Yamai, alhali hutu ne. Baba ya ce in zauna in ga ƙarshen hoton nawa. Na zauna.

Kwana huɗu hatsi ya huda. Gonaki bakwai suka yi layi-layi kore shar a tsakiyar farin rairayi, abin sha'awa, abin tsoro. Kowa ya san lissafin: in sama ta ƙara cikin sati, sun tsira, har ma sun riga kowa. Sai roƙona ya juya, yanzu kam don hatsi nake yi, da goshi a ƙasa. Kullum da safe ina zuwa gonar Inna Tabawa in tsaya daga gefe. Sati ya cika ba hadari. Ganyen ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe, daga baya ya bar buɗewa. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, maza suka juya rigunansu, liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Ko gumbar sadaka ba a samu abin yi ba. Baba yana sahun baya, shi da kullum ake matsa masa gaba. Ba wanda ya zage shi. Ana gaishe shi yadda aka saba, sai dai gaisuwar ba ta daɗewa, kuma zaurenmu da ke cika da hantsi ya koma mu biyu.

Inna Tabawa ta shiga ɗebo ruwa a tulu tana kaiwa gona, ita da 'ya'yanta, suna zuba wa kowane gindi rabin ludayi. Tulu nawa zai shayar da gona? Kafin ta kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe. Na je na kama tulun zan taya ta, ta riƙe abinta ta ce in bar shi, hannuna bai saba ba. Sai wata iska ta zo ta kwana biyu tana jan rairayi mai zafi a ƙasa, ta yanke abin da ya rage. Da ta lafa na je na duba, ba ka cewa an taɓa shuka wani abu a wurin.

Ruwan gaske sai bayan sati uku da 'yan kwanaki ya zo, da rana tsaka, har kwari ya cika. Da safe Baba ya je ya tona, hannunsa ya nutse har ya wuce gwiwa bai iske busasshiya ba. Ya dawo, amma bai taɓa sungumi ba. Ya shiga ɗaki ya sauko da damin nan biyu ya ce Inna ta sussuke. Ta gane tun bai faɗa ba. Ta ce to mu fa, mi za mu shuka, mi za mu ci? Ta ce ita ta ce a je, a ɗora mata. Kuka take sosai, taɓarya a hannu. Baba ya ce ba ita aka gani ba, shi ya hau tudu da ƙafarsa. Ya zauna ya auna da tiya, kashi bakwai, gwargwadon abin da kowane gida ya zubar. Abin da ya rage mana bai fi na kusurwar gona ɗaya ba. Sannan ya ce ni zan kai, gida gida, a kaina.

Na kai. Wasu suka yi godiya, wasu suka karɓa suka juya. Inna Tabawa ta sa hannu cikin ƙwaryar ta ɗebo, ta zaɓi ƙwaya ɗaya ta sa a haƙori ta ciza.

"Wanga dai na gaske ne?" ta ce.

Na ce na gaske ne. Na fito ban san inda nake sa ƙafa ba.

Daminar nan mun ga yunwa ido da ido. An shuka a makare, kuma aikin noma ba ya jiran ciki ya cika. Hatsin rumbu ya ƙare tun ana noman farko. Muka koma dusa, da tafasa, da anza wadda Inna ke jiƙawa kwana da kwanaki tana sake mata ruwa kafin ɗacinta ya ragu a iya haɗiya. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar anza sai in kau da kai. Aka sai da akuyoyi, aka sai da babbar rigar Baba ta Salla. Na koyi riƙe hauya ƙarfi da yaji, tafina ya fashe ya warke ya sake fashewa. Baba yakan kai tsakiyar kuyya, layin noma, ya tsaya ya dogara da ƙota, idonsa a rufe, sai jiri ya wuce ya ci gaba. Ƙasa ga ta jiƙe, ga ƙamshi, ga gonarmu fiye da rabi ba komai sai ciyawa. Da kaka maƙwabta suka samu abin da suka samu, ba yabo ba fallasa, Inna Tabawa ma ta ɗaure 'yan dammanta. Namu bai kai mu sanyi ba. A shekarar ne Baba, da furfurarsa, ya tafi cin rani karo na farko, can wajen Katsina, yana sai da ruwa a garwa.

Ni ina Yamai lokacin da fim ya dawo daga Faransa. Aka ja baƙin labule, Mushe ya kunna. Zafi bai taɓa shi ba ko kaɗan, ruwan Inna ya yi aikinsa. Rijiya ta fito, hadarin ƙarya ya fito kamar na gaske, sannan ga Baba a ƙolin tudu. A ɗauka ta biyu, can ƙasa a kusurwar hoto inda ban taɓa kai ido ba, sai ga wata 'yar mace da tulu a kai. Ta tsaya. Ta ɗaga hannu ta kare rana. Ta sauke tulun a tsakiyar hanya ta juya da gudu. Mushe ya buga tebur ya ce a mai da baya, ya ce wannan ita ce sa'ar da ba a sayenta, kada in kuskura in yanke ta. Ya tambaye ni ko ni na shirya ta. Na ce a'a. Nawa aka ce ya fi na kowa, aka bar ni a aji, har aka nuna shi wurare. A Dakoro ban taɓa nuna shi ba.

Da bazara ta zagayo na zo gida. Baba ya dawo daga cin rani, kafaɗunsa duk kanta, wuyansa ya yi tsawo. Aka yi ruwa mai kyau, mutane suka zo ƙofa suna jira kamar da, don ɗan Adam yana mantuwa. Ya leƙo ya ce kowa ya je ya tona da hannunsa. Sai da unguwa ta watse kaf sannan ya ɗauki sungumi, kuma haka ya yi har ya rasu, shi ne na ƙarshen fita. A hanyar gona ranar, ina biye da shi da ƙwaryar iri, ya yi mini tambayar da bai taɓa yi ba. Ya ce hoton ya fito? Na ce ya fito, har an yaba. Muka yi 'yar tafiya.

"Waɗanda sunka kalla," ya ce, "sun gane tsakuwa ce?"

"A'a, Baba. Ba mai ganewa."

Ya gyara sungumi a kafaɗa, bai waiwayo ba.

"To, ka iya aikinka. Tabawa ma ba ta gane ba."

Na yi shekaru ina wannan sana'a bayan haka, na ɗauki abubuwa da yawa, an yaba wasu an manta wasu. Ba yabon da ya zauna mini kamar wannan. Yanzu da nake rubutun nan motocin samarin suna dawowa daga gona, ƙwaryoyinsu a kife. Gabas fari fat, ba ko gajimare.